Kaka Bai Gama Magana Ba

Lahadi, 1 ga Mayu 1966, da hantsi

Wannan littafin ragowar na darasin tarihi ne, shafukan baya babu komai a cikinsu. Tun da na dawo hutu daga makarantarmu ta birnin Madani ban sami wanda zan yi wa magana ba. Sitt Maryamu, malamarmu, ta ce mai rubutu ya bayyana komai kamar baƙo ne zai karanta. Zan gwada, ko da yake ba na so kowa ya karanta.

Jiya Alhaji Salihu, shugaban lajnar garinmu, wato kwamitin manoma, ya aiko a tambayi Baba ko zai bari in riƙa rubuta musu abin da aka faɗa a zama. Marubucinsu ya tafi hajji bai dawo ba. Su da Hausa suke gardamarsu, shi kuwa mufattish, jami'in da ke kula da gonakin audugar yankinmu, ba ya karɓar takarda sai da Larabci mai kyau. Baba ya ce to. Ni ba a tambaye ni ba.

Ga abin da ake ciki. Bara an tsawaita ruwa zuwa ƙarshen ture'a, magudanar da ke shayar da gonaki, an fitar da hawasha takwas sababbi, wato gonakin da hukuma ke ba mutum ya riƙe da sunansa. An ce lajna ta aika da sunayen waɗanda za a ba kafin ƙarshen watan nan. In ba ta aika ba, za a ƙara wa masu hawasha na yanzu. Mutanen kambo, unguwarmu ta masu aikin lada a bayan gari, sun tsara sunaye takwas. Na uku shi ne Mato, wato Baba.

Shekara ashirin da shida yana tsintar audugar mutane. Yau da safe na gan shi yana gyara ƙotar fartanya yana waƙa a hankali. Ban taɓa jin ya yi waƙa ba.

Talata, 3 ga Mayu, bayan sallar asuba

Jiya aka yi zama na farko, a ajin makarantar firamare, daga la'asar zuwa magariba. Haka dokarsu take, Litinin da Alhamis, kuma da an kira sallah an tashi. Aka shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofa. Na ja mayafi har goshi, ban ɗaga kai ba sai in tsoma alƙalami.

Su goma sha ɗaya ne. Biyar manyan masu hawasha: Alhaji Salihu, Kawu Usmanu yayan Inna, Kaka Abdussalami mahaifinsu, da wasu biyu. Shida kuma: Baba da mutum biyu daga kambo, ƙananan masu hawasha biyu, da Ustaz Ali malamin makarantar. Shida ya fi biyar. Ko ɗan aji ɗaya ya san wannan.

Baba aka sa ya kawo ƙudurin, saboda a kambo babu wanda aka fi ganin girmansa. Ya miƙe ya faɗa a taƙaice, ya zauna. Sai Ustaz Ali ya karɓe.

Ya ce, "Mutum biyar a ɗakin nan sun fi sauran gari ƙasa. Gida sittin a kambo ba su da inda za su kafa turke. Wanda ya tsinci audugar da hannunsa, in an zo rabon ribarta yana ina? Yana Gadarif yana yankan riɗin wani."

Kawu Usmanu ya yi dariya. "Ya salam, Ustaz! Wannan karatun a wace jarida ka haddace shi? Hawasha ba sadaka ba ce. Tana son shanu, tana son hannu, tana son mutumin da zai jure shekarar tsutsa. A ba wanda ba shi da komai, bana ya karɓa, baɗi a ƙwace. Kuma in kowa ya zama mai hawasha, wa zai tsinci audugar? Kai?"

"Da kai da 'ya'yanka. Ko hannunsu na zinariya ne?"

"Kun ji ko? Na faɗa muku shuyu'i ne, ɗan gurguzu. Gobe matanmu zai ce a raba."

"Kai kuma jam'iyyarka kowace ta ci zaɓe ita ce taka."

Aka yi ta hayaniya. Na rasa yadda zan sa wannan a Larabci mai kyau, sai na rubuta cewa membobi sun yi musayar ra'ayi. Alhaji Salihu ya ce magana ce babba, a bar ta sai Alhamis. Kaka carbinsa kawai yake ja. Da za mu fita ya ƙyafta mini ido ya ce, "Amaryata ta zama alƙali." Na yi murmushi a cikin mayafi.

Alhamis, 5 ga Mayu, bayan magariba

Mutum shida suka zo. Doka ta ce sai da bakwai zama ke halatta.

Muka zauna muna kallon ƙofa. Ustaz Ali ya aiki yara gida gida. Alhaji Salihu ya tafi garin Hajj Abdalla sayen maganin ido. Kawu cikinsa na ciwo. Ɗaya saniyarsa na naƙuda. Kaka yana barci, ba a tashinsa. Na biyar ba a ma yi mana ƙaryar ba, cewa aka yi ba ya nan, alhali ana jin muryarsa daga cikin zaure.

Ustaz ya ce haka 'yan majalisa ke yi in sun ga za a kayar da su, sai su ɓace. Baba ya ce, "Wataƙila da gaske ne ciwon."

Na rubuta: ba a cika ba.

Litinin, 9 ga Mayu, da yamma

Ba a cika ba. Saniyar har yanzu naƙuda take.

Laraba, 11 ga Mayu, da azahar

Zafi ya yi yawa, ko inuwar rumfa ƙuna take.

Inna ta je gidan Kaka da safe kamar kullum, ta dawo da wuri. Ta zauna tana yin kisra, wainarmu mai faɗi ta ƙullun dawa, uku suka ƙone. Inna ba ta ƙona kisra. Na ce ko in karɓa, ta ce, "Je ki yi rubutunki, ai ke ce ta manya yanzu."

Ya kamata in bayyana wani abu. Gidan su Inna tsofaffin gari ne, kakanninsu da ƙafa suka zo daga Sakkwato zamanin hijirar gudun Turawa. Baba kuwa yaro ne aka zo da shi daga Damagaram a hanyar hajji, iyayensa suka rasu a nan. Da Kaka ya ba shi Inna mutane sun yi surutu, Kaka ya ce ya ga sallar yaron, ta ishe shi. Tun daga ranar, shekara goma sha tara ke nan, Baba bai taɓa faɗin sunan Kaka ba. Ba ya cin abinci a gabansa. In ya hango shi a hanya yana tuɓe takalmi ya tsuguna tun daga nesa. Kowa yana kunyar surukinsa, amma ta Baba har misali ake yi da ita a gari.

Kaka ne kuma ya ce a kai ni Madani lokacin da Kawu ya ce karatun mace ɓata lokaci ne.

Ustaz Ali ya gano a takardar doka cewa wanda ya ƙi zuwa sau uku a jere ya rasa kujerarsa. Ya bi gari yana karanta wa mutane da ƙarfi. Gobe ke nan dole su zo. Baba ya ci tuwo sosai yau.

Juma'a, 13 ga Mayu, da safe

Sun zo, su biyar, da fararen riguna kamar ranar idi.

Alhaji Salihu ya buɗe da addu'a, sannan ya ce kafin a ɗaga hannu, dattijon lajna yana da 'yar magana. Kaka ya gyara zama, ya ajiye carbi. Shekara nawa yana cikin lajnar nan ba a taɓa jin ya yi jimla uku ba.

Ya ce, "Ana maganar ƙasa. To, ku bari in gaya muku yadda munka zo ƙasar ga, don yara su san abin da suke rabo. Ni ina da shekara bakwai sa'ad da munka fito Sakkwato."

Ya fara daga ƙofar gidansu. Sunan mahaifinsa, da na kakansa, da malamin da ya karantar da kowannensu. Sunan rijiyar da suka sha ruwa a zango na farko. Wa ya ɗauki wa a kafaɗa. Duk sunan mamacin da ya ambata sai ya tsaya a yi masa addu'a, kowa ya shafa.

Bayan kamar awa ɗaya Ustaz Ali ya ce, "Ya shugaba, wannan ba ya cikin ƙuduri."

Ɗaya daga cikin mutanen kambo ma sai da ya ja masa riga. Ba a katse dattijo, balle yana ambaton matattu. Alhaji Salihu ya buɗe takardar doka a hankali, ya sa yatsa, ya ce, "Ustaz, kai ne mai son doka. Ga ta. Mutum ɗaya ne ke da ikon tsayar da muhawara ya ce a ɗaga hannu, shi ne wanda ya kawo ƙudurin. Malam Mato, kana da magana?"

Duk aka juya ana kallon Baba. Kansa na ƙasa. Tun da Kaka ya buɗe baki ya zame daga benci ya zauna a ƙasa.

Kawu Usmanu yana duban rufin ɗaki, yana taunar goro a hankali.

Da aka kira magariba Kaka bai wuce zango na huɗu ba. Ya ce, "Sai Litinin in Allah ya kai mu, mu ɗora."

Ni marubuciya ce kawai. Na cika shafi bakwai.

Litinin, 16 ga Mayu, bayan magariba

A labarin yau an yi yaƙi, an kashe mahaifin Kaka, an binne shi ba likkafani. Kaka ya yi kuka. Baba ma ya yi. Saura zama huɗu.

Laraba, 18 ga Mayu, da la'asar

Ustaz Ali ya zo gida. Suka zauna da Baba a rumfa, ni ina ɗaki ina mayar da rubutun Larabci, zana ce kawai tsakaninmu.

Ya ce, "Malam Mato, kalma biyar ce. Ina neman a ɗaga hannu. Kalas, shi ke nan. Ka faɗa ka zauna, sauran namu ne."

Baba ya ce, "Ina ji."

"Ba zaginsa za ka yi ba."

"Yana magana, Ustaz."

"Ai don kai aka sa shi magana! Ba ka gani ba? Usmanu ne ya zauna ya duba duk garin nan ya nemo mutum ɗaya da ba za ka iya katsewa ba."

"Na gani. Ba makaho ba ne ni."

"To?"

"To, ka janye sunana, wani ya kawo ƙudurin."

"Na duba. In an janye, sai bayan wata ɗaya ake sake kawowa. Wata ɗaya kuwa an gama rabo." Sannan ya ce, "Laifina ne. Ni na ce a sa ka. Na karanta dokar nan sau goma, ban tuna wa ya ba ka mata ba."

Baba ya ce, "Ranar da na zo garin nan rigata ɗaya. Kai ba ka san wannan ba, ba a haife ka ba. In na katse shi a gaban mutane, da wace fuska zan shiga gidan nan in kalli 'yarsa?"

"Da fuskar mai hawasha. Kuma ba kai kaɗai ba ne, gida takwas ne."

"Zai gama. Labari ai yana ƙarewa."

Ustaz ya yi wata dariya marar daɗi. Ya tashi bai sha shayin ba. Inna ta zubar da shi a gindin lemo, ta wanke kofin sau biyu.

Alhamis, 19 ga Mayu, da yamma

Kaka ya iso Barno. Hannuna ciwo yake.

Asabar, 21 ga Mayu, da hantsi

Na je gidan Kaka da niyya. Tun a hanya na shirya abin da zan faɗa, na maimaita har sau uku a bakin ture'a.

Na same shi a kan angare, gadonsa na igiya, yana shan gahawa. Ya ce, "Ga amaryar da ta gudu birni ta bar ni. Mi kika kawo min?"

Na ce, "Wa zai kawo wa tsoho marar haƙori tsaraba? Me zai tauna da shi?"

Ya yi dariya har ya yi tari. Da shi kaɗai nake iya irin wannan. A makaranta in malama ta kira sunana sai in sunkuyar da kai, amma Kaka tun ina rarrafe nake jan gemunsa.

Ya ce in karanta masa abin da na rubuta. Na karanta wurin da uwarsa ta sayar da zanenta ta sayi gero a wani ƙauye. Ya rufe ido. Da na gama ya ce, "Shekara sittin da uku ina ɗauke da mutanen ga a kaina. Babu wanda ya taɓa cewa in faɗi. 'Ya'yana in na fara sai su tuna suna da aiki. Yanzu ga shi an zauna ana saurare, ga jikata tana sa su a takarda. In na mutu ba su mutu tare da ni ba."

Na ce, "Kaka, kwana goma ya rage."

Ya buɗe ido. "Na san kwanan wata."

"Sunan Baba yana ciki."

"Ubanki mutumin kirki ne. Ban taɓa nadama ba." Ya juya kofin a hannunsa. "Amma ƙasar ga da gawa munka saye ta, Barakatu. Usmanu 'ya'ya tara gare shi, hawasha ba ta haihuwa. Ubanki ba zai kwana da yunwa ba ina raye."

"Ba yunwa yake gudu ba."

Ban san na faɗa da ƙarfi ba. Ya dube ni, ya daɗe, sannan ya ce, "Ashe Ustaz har gida yake karantarwa." Ya ce in zuba masa gahawa. Na zuba. Sauran abin da na shirya ban faɗa ba.

Akwai wani abu kuma. Zan rubuta shi sau ɗaya. Ranar Alhamis da aka kira magariba yana tsakiyar labarin ƙanwarsa da ta ɓace a bakin tafki, sai na ji haushin ladanin.

Litinin, 23 ga Mayu, bayan magariba

An tsinci ƙanwar. Wadai. Shafi talatin da ɗaya. Baba a ƙasa, kansa a ƙasa.

Laraba, 25 ga Mayu, da safe

Lami maƙwabciyarmu ta tare ni a wurin ɗiban ruwa. Mijinta ne na shida a cikin sunayen. Ba ta ko amsa gaisuwata ba.

Ta ce, "'Yar Madani, tsohon nan ya iso ina?"

Na ce Wadai.

"Wadai! Wallahi jakina ya fi shi sauri. Mu da muka zo a mota ai ba mu da labari, sai mu mutu a kambo." Matan suka yi dariya. Ta sauke tulu ta matso. "Ubanki ba zai iya ba, mun sani, ba mu ga laifinsa ba. To, mun gani, amma kaɗan. Ke fa? Ba kakanki ba ne? Jika ko a gaban sarki ta ja gemun kakanta, wa zai ce mata don me? Ki tsokane shi ya yi shiru. Numfashi ɗaya kawai ubanki ke nema. In tsohon ba magana yake ba, ai ba katse shi aka yi ba."

Na ce ni ba memba ba ce, rubutu kawai aka sa ni.

"Rubutu! Mu ci rubutu da daminar nan?"

Na ɗauki ruwana na taho. Rabinsa ya zube a hanya.

Alhamis, 26 ga Mayu, da yamma

Na buɗe baki sau biyu. Maza goma sha ɗaya ne a ɗakin, da wasu a taga. Kaka ya shigo Darfur. Ni marubuciya ce kawai.

Lahadi, 29 ga Mayu, da azahar

Baba ya tafi ƙarshen ture'a shi kaɗai, ya dawo da laka a ƙafa. Ya ce wa Inna hawasha ta uku daga gabas ta fi kwanciyar ruwa. Inna ta ce, "Allah ya sa." Ba ta ɗago ba.

Litinin, 30 ga Mayu, da asuba

Yau ne.

Talata, 31 ga Mayu, da hantsi

Zan rubuta yadda aka yi, a jere, kamar yadda Sitt Maryamu ta koya mana.

Mutanen kambo duk sun zo, maza a tagogi, mata a gindin bishiya. Kaka ya ɗora daga Fashir, can cikin Darfur. Muryarsa ta dushe, Kawu ya ajiye masa ruwa a kusa. Rana tana sauka a bango, ina ganinta tana bin layin allo. Da ta kai ƙasan allon na san saura kaɗan ladan ya hau.

Ban yanke shawara ba. Ji kawai na yi murya tana fita.

Na ce, "Haba angona! Mako uku kana tafiya ba ka iso ba? In ba ka huta ba ni dai na fasa auren, in nemi yaro mai ƙafa."

Sai taga ta fashe da dariya, har da na cikin ɗaki. Alhaji Salihu ya rufe baki da hannun riga. Kaka ma ya yi dariya, ya nuna ni da carbi ya ce, "Kun ji 'yar banza!" Ya miƙa hannu ya ɗauki ruwan, ya kafa kai.

Ba ya magana. Kowa ya ga ba ya magana.

Ustaz Ali ya ce a hankali, "Malam Mato."

Baba ya dafa benci. Ya miƙe, har ya tsaya sosai. Ban taɓa ganinsa a tsaye a ɗakin da Kaka yake zaune ba, ashe dogo ne haka. Ya ce, "Ya shugaba, ina..."

Kaka ya sauke kofin. Bai ɓata rai ba, da ma ya ɓata. Ya dube shi kawai, yadda ake duban ɗa, ya ce, "Mato, kana da magana? Faɗi, ɗana. Ni sai in dakata."

Ban san tsawon lokacin ba. Na ji kukan akuya a waje.

Ya ce, "A'a, Baba. A ci gaba."

Ya zauna a ƙasa.

Wata mata ta yi salati a waje, ina jin Lami ce. Ustaz Ali ya tattara takardunsa ya fita ba sallama. Kaka ya ci gaba, amma ya rikita sunaye, ya maimaita wani zango sau biyu. Ban rubuta ba. Aka kira sallah.

Kawu Usmanu ya tsaya a kaina da zan naɗe tabarma, ya ce, "Ashe kina da baki." Na ci gaba da naɗewa.

Yanzu da safen nan motar mufattish ta zo ta koma. Alhaji Salihu ya gaya masa lajna ba ta kammala muhawara ba. Sannan Alhajin ya ce in kai rubutun zaman ƙarshe a tsabtace kafin Asabar.

Alhamis, 2 ga Yuni, da la'asar

An raba. Kawu ya sami biyu, har da ta uku daga gabas. Jiya ya aiko cewa Baba ya noma masa ita a raba amfanin biyu, tun da na gida ne, bai kamata a ba bare ba. Baba ya ce a yi masa godiya.

Lami ba ta gaishe da Inna. Mijinta da wasu uku sun hau lori zuwa Gadarif da safe.

Ɗazu ina rubutu a rumfa Baba ya zo ya zauna a bakin tabarma. Ba ya zama kusa da ni haka. Ya ce in karanta masa na ranar Litinin. Na karanta da Larabci, ya ce in mayar masa da Hausa. Na zo wurin da na rubuta cewa mai ƙudurin ya miƙe tsaye, aka ba shi dama, ya ce ba shi da magana, ya zauna.

Ya ce, "Wannan ofis za a kai?"

Na ce e.

"A ajiye?"

"Ana ajiyewa."

Ya shafa gwiwarsa. "Dole ne a sa wurin nan? Ba za a ce lokaci ne ya ƙure ba? Ai ya ƙure."

Da na ce to. Layi ɗaya ne, babu wanda zai duba, har Alhaji Salihu zai fi so. Amma na ji bakina ya ce, "Haka aka yi, Baba. Ni na yi nawa."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Gaskiya ne. Kin yi naki. A bar shi."

Ya tashi, ya tambayi Inna ina igiyar awo, wai Kawu yana so a fara fitar da kunya gobe tun da sassafe.

Asabar, 4 ga Yuni, da safe

Na kai rubutun. Ban goge layin ba. Tun shekaranjiya Baba in zai yi mini magana ƙasa yake duba.